Kwana Goma a Gindin Duwatsun Kudancin Bauchi

Mun bar Jos da sassafe a tsakiyar hunturu, lokacin da hazo ya lulluɓe duwatsu har direba ba ya hango abin da ke gabansa sai kaɗan. Mu huɗu ne a cikin motar: ni, da wata malamar kimiyyar harshe wadda ita ce jagorar tafiyar, da wani matashi masanin na'urorin ɗaukar murya da hoto, sai direba. A bayan motar mun ɗaure akwatuna biyu da ke ɗauke da rakodoji da makirufo da kwamfutoci uku da farantin sola. Abin da ya fito da mu shi ne horar da matasa 12 na wani ƙauye yadda za su naɗi harshen iyayensu, su rubuta shi, su adana shi da hannunsu. Ba zan ambaci sunan ƙauyen ko na harshen ba, domin haka muka yi alkawari da mutanen wurin kafin mu rabu.

Hanyar ta ratsa ƙasar Toro, ta Tilden Fulani da Magama Gumau da Nabordo, har dutsen Zaranda ya bayyana, sannan daga Bauchi muka karkata kudu ta hanyar Dass. Tun daga Zaranda jagorarmu take nuna mini tsaunuka tana kiran sunayen harsunan yankin: Geji, Polci, Zul, Buli, Zaar wanda muka fi sani da Sayanci, Boghom, Guruntum. Dukkansu 'yan gidan Cadi ne, wato dangin Hausa na jini, ko da yake Bahaushe ba zai fahimci ko jimla ɗaya a cikinsu ba. Ta ba ni labarin Luri, wanda masanin nan ɗan Faransa Bernard Caron ya iske tsofaffi biyu kacal suna iya magana da shi a farkon shekarun 2000, da Ajanci na arewacin Bauchi wanda ya gushe tsakanin 1920 da 1940, da Auyokanci da Tashenanci da Shiranci waɗanda ba su bar komai ba sai sunayen garuruwa da 'yan kalmomi a takardun bincike. Masu waɗannan uku na ƙarshe da Ajawa duk Hausa suka koma. Na yi shiru na ɗan lokaci, domin na tuna cewa da Hausa zan koyar a bitar da za mu yi, kuma ita ce harshen da yaran ƙauyen suke barin nasu domin ta.

Da muka isa da la'asar, abin da na ji a hanya na gan shi da idona. Yaran da suka kewaye motar da Hausa suka gaishe mu, da ita kuma suke wasa a tsakaninsu. Dattawa suna hira da harshensu a gindin bishiya, amma da zarar jika ya matso sai kakan ya juya zuwa Hausa don ya aike shi. Babu wanda ya ɗora musu bulala. Kasuwa da makaranta da masallaci da coci da rediyo da auratayya su suka yi aikin a hankali, tare da wani abu da ba a cika faɗa ba, wato dariyar da ake yi wa yaro a birni idan harshensa ya karye, har ya dawo gida yana jin kunyar maganar uwarsa.

Washegari muka je gaisuwa wurin mai gari. Bayan ya saurari bayaninmu har ƙarshe, sai ya dubi jagorarmu ya ce, "Malama, na ji duka. Idan an gama wannan aiki, jikokina za su koma yin yaren nan?" Na zaci za ta ba shi amsar da za ta faranta masa rai, domin muna buƙatar izininsa. Sai ta ce, "Ranka ya daɗe, ba zan yi maka wannan alkawari ba. Na'ura tana ajiye magana, amma ba ta sa yaro ya yi ta. Abin da za mu iya shi ne mu tabbatar cewa duk ranar da jikokinka suka nemi harshen nan za su same shi a ajiye, da muryar iyayensu." Ya jima bai ce komai ba, sannan ya ce mu fara.

Wannan amsa ita ce darasin ɗa'a na farko da na koya a tafiyar, tun kafin a buɗe akwati. Adana harshe daban, farfaɗo da shi daban, kuma wanda ya haɗa su a bakinsa don ya samu shiga ya yaudari mutane. Inda farfaɗowa ta yi tasiri, kamar a wurin Maori na ƙasar Niyu Zilan da suka buɗe gidajen renon yara na harshensu a 1982, al'ummar ce da kanta ta zaunar da kakanni tare da jarirai suna yi musu magana yini guda. Baƙo mai rakoda ba shi da ikon yin wannan. Haka nan ba shi da hurumin zargin iyayen da suka zaɓa wa 'ya'yansu wani harshe. A 1992, lokacin da masanin harsuna Michael Krauss ya yi gargaɗi cewa kashi 90 cikin 100 na harsunan duniya suna iya mutuwa ko su kama hanyar mutuwa a ƙarnin da muke ciki, masanin furuci Peter Ladefoged ya mayar da martani da labarin wani mai magana da harshen Dahalo a Kenya, wanda 'ya'yansa Swahili kaɗai suke yi, kuma yana alfahari da cewa sun yi makaranta. Ladefoged ya ce shi bai isa ya ce mutumin ya yi kuskure ba. Wata masaniyar harsuna, Nancy Dorian, ta amsa masa a shekarar da ta biyo baya cewa zaɓin da talauci da raini suka tilasta ba cikakken zaɓi ba ne, kuma jikoki sukan yi baƙin cikin abin da iyayensu suka saki. Ni dai na bar ƙauyen nan ina ganin gaskiya a bakin kowannensu, domin na haɗu da uban da ke alfahari, na kuma haɗu da jikar da ke baƙin ciki, a gida ɗaya.

Koyar da na'urorin bai ba mu wahala ba. Cikin kwana biyu matasan sun iya saita makirufo nesa da iska, sun iya sa wa kowane fayil suna da kwanan wata, sun fara amfani da manhajar ELAN, wadda aka ƙirƙira a cibiyar Max Planck da ke Nijmegen, don daidaita rubutu da murya jimla bayan jimla. Abin da ya ci mana lokaci shi ne abin da ba ya cikin littafin na'ura.

Na fara lura da matsalar tun daga jerin sunayen waɗanda aka zaɓo. Cikin 12, mata biyu ne kawai, kuma duk waɗanda aka kawo sun gama sakandare, suna jin Turanci, sun zauna a birni. Wato an zaɓo mana waɗanda suka fi iya kwamfuta, waɗanda kuma su ne suka fi rauni a harshen. Bugu da ƙari, dukkansu daga unguwar da ke kusa da titi suke, alhali mutanen da ke bayan dutse suna da nasu karin harshen. Da mun yi shiru, da ƙamus ɗin da za a yi ya zama na unguwa ɗaya da jinsi ɗaya, kuma shekaru kaɗan masu zuwa a riƙa ce wa na bayan dutse ba su iya yarensu ba tunda ba haka yake a littafi ba. Jagorarmu ta koma wurin mai gari cikin ladabi ta roƙi a ƙara mata huɗu da mutum biyu daga bayan dutse, ko da ba su iya karatu ba, domin wanda bai iya rubutu ba yana iya riƙe makirufo, yana kuma iya sanin tambayar da ta dace a yi wa tsoho.

Gardamar rubutu ma ta ɗauki yini guda. Harshen yana da sautukan da babu su a Hausa, ciki har da wani wasali na tsakiyar baki da wani baƙi da iska ke fita ta gefen harshe, kuma karin sauti yana bambanta ma'ana a wurare da yawa. Masana suna son alama ta musamman ga kowane sauti, matasan kuwa suna son abin da za su iya bugawa a wayarsu. Mun shimfiɗa musu amfani da illar kowace hanya, muka bar su da dattawansu suka yanke. Inda muka tsaya kai da fata shi ne lokacin da na iske wani yana goge kalmomin Hausa daga jawabin da ya rubuta na kawunsa, yana maye gurbinsu da tsofaffin kalmomi. Ya ce mini, "Malam, ai ba yarenmu ba ne." Na ce masa manufarsa kyakkyawa ce, kuma yana iya yin rubutu na biyu tatacce don koyar da yara, amma na farko dole ya zama abin da kawunsa ya faɗa daidai, domin sa wa mutum maganar da bai yi ba cin amana ne ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a kwana na biyar. Mun zo da takardar neman amincewa da aka fassara zuwa Hausa, amma yawancin tsofaffin ba sa karatu, saboda haka muka koya wa matasan su nemi izini da baki, su naɗi tambayar da amsar a farkon kowane fayil. Wata yarinya mai hazaƙa ta dawo da yamma tana murna, ta naɗo kakarta tana rera wasu waƙoƙi na mata har kusan sa'a guda. Masanin na'urorinmu ya saurara ya ce bai taɓa jin naɗi mai kyau irinsa ba, kuma cike yake da kalmomin da babu wanda ya kawo mana su. A farkon fayil ɗin ana jin yarinyar tana tambaya, ana jin tsohuwar tana cewa ta yarda.

Da safe sai ga tsohuwar da kanta ta zo ajin da muke bita, tana dogara sanda. Bayan gaisuwa ta ce mini, "Ɗan nan, abin da na faɗa wa yarinyar nan jiya, wa zai ji shi?" Na yi mata bayanin cewa za a ajiye shi a nan, a kuma ajiye kwafi a wata taska a ƙasar waje, inda masu bincike za su iya saurara ta intanet. Ta ce, "Ni jikata na rera wa. A cikin waƙar nan akwai sunan gidan da muka yi shekaru muna gyara tsakaninmu da su, kuma akwai abin da namiji ba ya ji. A cire shi." Masanin na'urorin ya ce, "Iya, ana iya kulle shi, ba wanda zai buɗe sai da izininki." Gaskiya ya faɗa, domin manyan taskokin harsuna suna da matakan shiga, daga abin da kowa zai iya gani zuwa abin da sai an nemi izini. Ta saurare shi, sannan ta ce, "Idan na mutu, wa za a tambaya?" Muka goge fayil ɗin a gabanta, daga rakoda da daga kwamfuta, yarinyar tana hawaye.

Na kwana ina juya wannan al'amari. Mun saba cewa idan 'yan gida ne suka riƙe na'ura, matsalar baƙo mai zuwa ya kwashe ya tafi ta ƙare. Abin da na gani shi ne matsalar ta shiga cikin gida ne kawai. Baƙo yana tsayawa a zaure, jika kuwa tana shiga har ƙuryar ɗaki, kuma kaka tana jin nauyin ta ce wa jikarta a'a. Amincewar da ta bayar jiya ta gaskiya ce, amma ga jikarta ta ba da ita, ba ta san cewa bayan yarinyar akwai kunnuwan da ba ta taɓa gani ba. Laifin namu ne, mu da muka koyar da yadda ake naɗar kalmar "na yarda" ba mu koyar da yadda ake bayyana abin da ake yarda da shi ba. Daga ranar muka sauya tsari: kowane naɗi sai an mayar wa mai shi ya saurara bayan kwana ɗaya, a gaban wanda ya zaɓa, sannan a sake tambayarsa, kuma a sanar da shi cewa yana da ikon janyewa ko bayan shekaru. Na ji zafin rasa waɗannan waƙoƙi, har yanzu ina jin sa, amma ban taɓa shakkar cewa hukuncin nata ne ba. Akwai al'ummomin da suka wuce nan: mutanen Jemez a jihar New Mexico ta Amurka sun hana a rubuta harshensu na Towa gaba ɗaya, kuma masana da yawa sun girmama wannan hani.

Maganar suna ita ma ta taso, kuma a nan tarihin Hausa ya ba ni misalan da matasan suka gane nan take. Na ba su labarin Dorugu, yaro Bahaushe da ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, wanda daga bakinsa J. F. Schön ya rubuta labarai masu yawa da suka shiga littafin Magana Hausa na 1885, amma sunan Schön ne a bango. Na gaya musu cewa ƙamus ɗin Hausa na R. C. Abraham ya fito a 1949 da sunan Malam Mai Kano tare da nasa, sannan bugu na biyu ya fito a 1962 da sunan Abraham shi kaɗai. Sai kuma na kawo musu akasin haka daga Yobe, inda marigayi Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba suka jagoranci aikin ƙamusoshin Bolanci da Badanci da Ngizim da Karekare da Ngamo, aka buga su a Potiskum a 2004 da sunayen 'yan harshen a matsayin marubuta. Muka amince cewa kowane fayil zai ɗauki sunan mai magana da mai naɗi da mai rubutawa da mai fassara, sai fa wanda ya ce a sakaya nasa.

Ba kowane masani ne ya yarda da irin wannan horo ba. Paul Newman, wanda ya yi wa nahawun Hausa hidimar da ba a mantawa, ya taɓa bayyana damuwa cewa masana suna kashe lokacin da ya kamata su yi bincike wajen ayyukan taimakon al'umma, alhali harsunan suna gushewa. Ken Hale na jami'ar MIT ya tsaya a ɗaya ɓangaren, yana ganin cewa masu harshe su ne suka fi cancanta su zama masanansa, kuma a hannunsa wani ɗan ƙabilar Navajo da wata 'yar ƙabilar Hopi, 'yan asalin Amurka, suka samu digirin digirgir a 1978. Damuwar Newman tana da tushe, domin kwana goman da muka yi da jagorarmu ta yi su ita kaɗai tana tambayar tsofaffi, da ta tara abin da ya ninka namu. Sai dai ita za ta tafi, su kuwa suna nan lokacin shuka da girbi da suna da makoki, lokutan da harshe yake fitowa da dukiyarsa. Abin da nake tsoro ya bambanta da na Newman: kada horo ya zama hanyar samun ma'aikata masu arha. Rubuta minti ɗaya na magana da fassara shi ya ci wa matasan nan kusan sa'a guda, kuma wannan lokacin gona ne ko na neman abin kai. Wanda ya koya musu aikin, ya tafi ya rubuta maƙala da guminsu ya samu ƙarin girma, su kuma ya bar su da takardar shaida kawai, bai yi adalci ba. Mun tsara a biya su bisa aikin da suka yi har tsawon shekara guda, muka kuma gaya musu a fili cewa bayan shekarar babu tabbacin komai.

Daren ƙarshe muka zauna da dattawa a kan inda muryoyin za su zauna. Jagorarmu ta yi musu bayanin shirin ELDP na adana harsunan da ke gushewa, wanda gidauniyar Arcadia ta kafa a 2002 a makarantar SOAS ta Landan kafin ya koma Balin a 2021, da makamancinsa, shirin DOBES, da gidauniyar Volkswagen ta fara a 2000. Ajiya a irin waɗannan taskoki tana kare aiki daga gara da gobara da lalacewar kwamfuta, amma mutanen da sai sun hau dutse suke samun layin waya ba za su amfana da abin da ke Balin ba. Ta kuma ba su labarin Standing Rock, yankin wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, inda a 2022 majalisar ƙabilar ta kori wata ƙungiya mai aikin harshen Lakota bayan taƙaddama kan mallakar naɗin muryoyin dattawa da littattafan da aka yi da su, da labarin gidan rediyon Te Hiku na Maori, wanda ya gina manhajar gane magana da muryoyin mutanensa ya ƙi sayar da su ga kamfanoni. Wani malamin firamare ya tambaya ko doka za ta kare su. Na ce masa dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 mutum ɗaya ɗaya take karewa, ba a tsara ta don waƙar da ta zama ta gari duka ba, saboda haka abin da za su dogara da shi shi ne yarjejeniyar da za mu rubuta a daren. Aka rubuta ta da Hausa, aka karanta ta da harshensu: ainihin naɗin yana zama a ƙauyen, kwafi kawai muke ɗauka, kwamitin mutum biyar da suka haɗa da mata biyu shi ke ba da izinin duk wani sabon amfani, har da koyar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, kuma sunan garin ba zai fito a rubutun da ba su gani ba.

Muna ɗaure kaya da hantsi sai tsohuwar nan ta aiko a kira jikarta da rakoda. Na bi su na tsaya daga nesa. Ta zauna a bakin ƙofarta ta fara da faɗin wanda ta yarda ya ji, wato kowa, sannan ta shiga lissafa sunayen duwatsun da ke kewaye da garin da na rafuffuka da itatuwan magani, tana nuna kowanne da sandarta, tana faɗin abin da ya sa aka kira shi haka. Ta yi minti 40 ba ta tsaya ba. Yarinyar ta rubuta sunan kakarta da nata a rajista, ta ce mana ba za ta ba mu kwafi ba sai gobe idan tsohuwar ta sake saurara. Ba mu da damar ƙara kwana, saboda haka muka bar mata katin ajiya da adireshin da za ta aiko shi, muka shiga mota muka kama hanyar Dass.